Sassaƙa Ƙotar Bindiga Mai Harsashi Ɗaya: Yadda Nake Yi a Garejina

Ƙotar farko da na sassaƙa ta tsage a harbi na goma sha ɗaya. Wata huɗu na yi ina fama da ita a gareji bayan na taso daga aiki, katakon kuwa na saye shi da kuɗin da har yau ban faɗa wa maiɗakina gaskiyar adadinsu ba. Tsagar ta taso daga bayan ƙarfe ta bi wuyan ƙotar kamar an ja reza. Dattijon da ke koya mini, wani Ba'amurke da ya haura saba'in, ya karɓa ya jujjuya ta, ko sannu bai ce mini ba. Ya sa farce ya bi jijiyar katakon har inda ta karkace ta fice ta gefe, sannan ya nuna mini bayan harshen ƙarfen da ke shiga cikin ƙotar ta sama, inda na matse katako ƙam ban bar masa ko wurin numfashi ba. Laifi biyu, kuma duk nawa ne.

Mahaifina kafinta ne a Zariya, cikin garin katako na tashi. Yanzu ina zaune a Pueblo, jihar Kolorado ta Amurka, ina haɗa kabad ɗin kicin. Sassaƙar ƙota sha'awa ce ta same ni da girma, bayan wani kwas na mako guda da na yi a kwalejin garin Trinidad da ke nan Kolorado, wadda sashenta na koyar da gyaran bindiga ya faro tun 1947 a hannun maƙerin bindiga P.O. Ackley. Abin da zan kwatanta a nan aikin katako ne zalla. Ɗaura bututu da yanka gurbin harsashi aikin ƙwararren maƙerin bindiga ne, ni kaina kai masa nake yi, domin kuskuren da bai kai kaurin gashi ba a wannan wurin a fuskar mai harbi yake fashewa.

Irin bindigar da nake nufi ita ce mai cin harsashi ɗaya, wadda a bayan bututunta akwai wani ƙyauren ƙarfe mai kauri da ke zamewa cikin gurbinsa. Ka danna liba ƙasa, ƙyauren ya sauka, ka zura harsashi da yatsa, ka mayar da liba, ƙyauren ya hau ya toshe. Shi ke nan. Christian Sharps ya yi rajistar tasa a 1848. John Farquharson na Sikotlan ya yi tasa a 1872, kamfanin George Gibbs na Biristol ya riƙa ƙera ta. John Browning yana saurayi a Ogden ta jihar Utah ya sami rajistar tasa a 1879, kamfanin Winchester ya saye ta ya fitar da ita a matsayin samfurin 1885. Wadda aka fi samu yau ita ce Ruger No. 1, da ta shigo kasuwa a 1967, kuma a kanta zan fi yin misali domin ita na fi taɓawa. Masu son ta gargajiya suna yin oda daga Big Timber a jihar Montana, ƙaramin gari ne amma kamfanoni biyu ke ƙera Sharps a cikinsa, Shiloh da C. Sharps. Wani abokina da ya zo daga gida ya ga tawa ya yi dariya, ya ce ashe har a Amurka akwai harba-ka-ruga. Ban musa masa ba. Bambancin dai ita wannan idan ka iya ta, ba sai ka ruga ba.

A dokar Amurka, akwatin ƙarfen nan da ƙyauren ke ciki, wanda suke kira akshan, shi ne bindigar, shi ke ɗauke da lamba. Ta hannun dillali mai lasisin tarayya ake sayensa, ka cike fom mai lamba 4473, a bincika tarihinka. Katako kuwa katako ne, ko ta gidan waya sai a aiko maka. Wanda ke karanta wannan daga Najeriya ya sani cewa dokar makamai ta 1959 ta hana haɗa bindiga ko gyara ta ba da izini ba, don haka abin da zai amfane shi a nan shi ne dabarun katakon da na mai, waɗanda suke aiki a kan kujera da akwati da ƙotar wuƙa.

Abin da ya raba wannan bindiga da sauran, a wurin mai sassaƙa, shi ne ƙotarta biyu ce. Akwai ta baya da ke zama a kafaɗa, akwai ta gaba da hannun hagu ke tallafa, ƙarfe na tsakani. Duk naushin da bindigar za ta yi idan ta tashi, ta wata 'yar fuskar katako yake bi, wadda faɗinta bai fi akwatin ashana biyu ba, daga nan ya ratsa wuya, wato siririn wurin da hannun dama ke kamawa. Wanda ya gane wannan ya gane rabin aikin. Sauran ado ne.

Katako

Walnat ake amfani da shi, kuma iri-iri ne. Akwai baƙin walnat na Amurka, mai araha, mai manyan ƙofofin jiki. Akwai kilaro na Kalifoniya, wanda ya fi kowanne ɗaukar ido, ja da ruwan ƙasa da baƙi duk a jiki ɗaya, amma yana da ɗan taushi. Akwai wanda ake kira na Ingila, ko na Faransa, ko na Turkiyya, wanda a gaskiya bishiya ɗaya ce, inda ta tsiro ne ya bambanta. Shi ne sarki: ga tauri, ga rashin nauyi, cizal na shiga jikinsa kamar sabulu. Akwai kuma bastan, ruwa biyu ne tsakanin kilaro da na Ingila, mai nauyi, ya dace da bindiga mai naushi da yawa. Kuɗin gungume ɗaya yana farawa daga 'yan ɗaruruwan daloli ya haura dubbai.

Masu sayarwa sun san inda idon sabon shiga yake zuwa. Za su shafa wa katakon ruwa su ɗauki hoto, ka ga zane yana murɗewa kamar hayaƙi, zuciyarka ta tafi. Nan na faɗa. Kada ka fara duban faɗin gungumen. Juya shi ka dubi kaurinsa ta sama da ta ƙasa: jijiyar ta miƙe daga kai zuwa gindi, ko tana ficewa ta gefe? Sannan ka ɗora samfurin ƙota da ka yanka a farin roba mai nuna ciki, ka ga yadda jijiyar ta bi ta wuya. So ake ta shiga miƙe daga inda ƙarfe zai zauna, ta ɗan sunkuya ta bi lanƙwasar wuyan zuwa ƙasan gindi. Murɗe-murɗe da zanen gashin tsuntsu su tsaya can baya, inda katako ke da faɗi kuma ba abin da zai karya shi. Idan mai sayarwa ya ƙi turo maka hoton sama da ƙasa, ka bar masa kayansa.

Sai bushewa. Ƙa'idar kafintoci ita ce shekara guda ga kowane inci na kauri, gungumen ƙota kuwa yakan kai inci biyu da rabi, amma masu wannan sana'a ba sa yarda da wanda bai shekara biyar ba. Ni ina da na'urar auna laima, amma sikelin kicin na fi amincewa da shi. Ina auna gungumen ranar da ya iso, in rubuta nauyi da kwanan wata a jikinsa da fensir, in sake aunawa duk wata. Iskar Kolorado busasshiya ce kamar hunturun Zariya da ba ya ƙarewa, katakon da ya zo daga bakin teku sai ya ci gaba da ramewa wata shida ko fiye. Ranar da nauyin ya tsaya cak wata uku a jere, ranar ya zama nawa.

An sha tambayata me ya hana in sa a kawo mini maɗobiya daga gida. Tana da kyau, amma ta yi nauyi, kuma tun 2017 tana cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa, ta sa wa takunkumin fitarwa saboda yadda aka yi mata sara a Afirka ta Yamma. Abin da nake sawa na nahiyarmu shi ne ɗan guntun baƙin ebani na Gabon a kan hancin ƙotar gaba. Dangin kanya ne, duk wanda ya taɓa sara tsohuwar kanya ya ga baƙin cikinta zai gane shi.

Rami kafin komai

Ƙotar bayan Ruger, haka ma ta Martini, wata tsohuwar bindiga mai cin harsashi ɗaya, wani dogon noti ne ke riƙe ta, yana shiga ta gindi ya ratsa tsawon katakon ya kama ƙarfe. Wannan rami shi ake fara hudawa, tun gungumen yana da kusurwoyinsa. Dalili kuwa, dogon bakin huda ba ya tafiya inda ka aike shi, jijiyar katako yake bi ya karkace. Idan ka gama sassaƙa sannan ka huda, ramin ya fito ta gefe, ka yi asarar komai. Idan ka fara hudawa, duk inda ramin ya fito sai ka zana ƙotar a kewayensa. Ina yin nawa a kan injin juyi, ina hudowa daga kowane ɓangare su haɗu a tsakiya, ina zare bakin duk bayan rabin inci in kakkaɓe gari. Ta gindi ramin yana da faɗi don kan notin ya shige, ta gaba siriri ne, inda suka haɗu akwai 'yar kafaɗa da zoben ƙarfen ƙarƙashin kan noti zai zauna a kai. Kafaɗar nan ta zama shafaffiya, in ba haka ba notin zai riƙa jan ƙotar gefe guda.

Wanda ba shi da injin juyi ya aika gungumensa wa masu injin kwafi, su huda su kuma rage masa aikin, su dawo da shi saura gyara. Ba abin kunya ba ne. Ƙotata ta biyu haka na yi ta.

Zaunar da ƙarfe

Nan ne aikin yake, kuma nan ne haƙurin mutum ke bayyana. Ka kwance duk kayan cikin akshan ɗin ka adana su a gwangwani mai murfi, ka bar ƙwaryar kawai. Ka samu sandar ƙarfe mai zare irin na notin amma marar kai, ka ɗaura ta, ita za ta riƙa yi wa katakon jagora ya shigo ta hanya ɗaya kullum. Sannan ka baƙanta duk inda ƙarfe zai taɓa katako. Ana sayar da wani baƙin shafi na musamman don haka, amma ni fitilar kananzir nake kunnawa in ɗaga lagwani ta yi hayaƙi, in gifta ƙarfen a kai. Dattijona ya yi mamakin yadda na iya saita lagwani, na ce masa da irin wannan fitilar na yi karatun firamare. Baƙin hayaƙi ya fi na kanti siranta, shi ya sa ba ya ƙarya. Shafi mai kauri yakan nuna maka taɓawa inda babu ita.

Ka zura katakon a kan sandar, ka tura har ya tsaya, ka ɗan buga gindinsa sau ɗaya da gudumar fata. Sau ɗaya. Ka zare. Inda ka ga baƙi, nan ne kaɗai za ka cire, da ƙaramin cizal mai kaifin aska ko da makankari. Ba yanka ake yi ba, kankara ce, abin da ke fita kamar ɓawon albasa. Ka sake baƙantawa, ka sake zurawa. Ƙota ɗaya tana iya cin zurawa ɗari da wani abu, ban taɓa ƙirgawa har ƙarshe ba. Idan ka ji ranka ya fara cewa a ƙara ƙarfin bugu don a gama, ka ajiye guduma ka je ka sha shayi. Bugu mai ƙarfi yana buɗa katakon ya ba ka baƙi a wurin da bai kamata ka taɓa ba, ka cire, washegari ka tarar da giɓi. Katakon da ka cire kuwa ya tafi ke nan.

Abin da ake nema shi ne fuskar katakon ta zauna daram a bayan akshan, hagu da dama su ɗauki baƙi daidai wa daida. Idan gefe ɗaya ya fi ɗauka, shi kaɗai zai riƙa shan naushi har ya gaji ya ɓalle. Sannan ga darasin da na saya da tsada: ƙarshen harshen ƙarfen da ya miƙo baya ta saman wuya, zagayayye ne, idan ya tokari katako to ya zama weji irin na fasa itace, kowane harbi gudumarsa ce. Bayan komai ya zauna, ka kankare bayan harshen nan ka bar sarari kamar kaurin takarda ɗaya ko biyu. Ido ba zai gani ba, mai zai cike shi, amma shi ne tsakanin ƙotar da za ta kai jikoki da wadda za ta mutu a harbi na goma sha ɗaya.

Akwai masu shafa ɗan gam mai ƙarfi irin Acraglas a fuskar katakon ta ciki don zaman ya cika. Tsofaffin masu sana'ar suna yi wa abin kallon raini, wai mafakar wanda bai iya cizal ba ce. Ni ina sawa siriri a bindiga mai naushi, domin yana hana man ƙarfe tsotsewa cikin katako ya ruɓar da shi. Sai dai ka shafe ƙarfen da kakin hana mannewa lungu-lungu kafin ka haɗa. Wanda ya manta ya ɗaura auren da ba saki.

Awo a jikin mai ita

Kamfanoni suna yanka ƙota a kan inci 13 da rabi daga kunama zuwa gindi, domin wani mutum matsakaici da ba wanda ya taɓa haɗuwa da shi. Amfanin yin taka shi ne ta zauna a jikinka. Ina fara yin ta gwaji da katakon banza, in riƙa ƙara mata filar masu gyaran jikin mota inda ta gaza, in goge inda ta yi yawa. Gwajin kuwa sauƙi gare shi: bindiga ba harsashi, ka dubi wani abu a bango, ka rufe ido, ka ɗaga ta zuwa kafaɗa, ka buɗe. Idan idonka ya faɗa tsakiyar madubin saiti ba tare da ka motsa kai ba, doron ƙotar ya yi. Idan sai ka ɗaga kunci, doron ya yi ƙasa. Idan kana leƙowa ta gefe, sai a ɗan karkatar da gindin waje, kamar rubu'in inci ga mai faɗin fuska irina.

Ka yi wannan gwaji da rigar da za ka sa ranar farauta. Lokacin farautar elk, wata dabba da ta ɗara gwanki girma, Oktoba ne da Nuwamba, kan duwatsu, cikin ƙanƙara. Ƙotar da ta yi maka daidai da singileti a watan Yuli za ta maƙale a hammatar jaket. Kuma ka yanke shawara tun yanzu ko madubi za ka ɗora ko saitin ƙarfe, domin tsayin doronsu ba ɗaya ba ne, ƙota ɗaya ba ta yi wa biyun adalci.

Maganar gindi gajeriya ce. Farantin ƙarfe mai lanƙwasa kamar jinjirin wata yana da kyau a hoto, ya kuma dace da tsohuwar Winchester mai ƙaramin harsashi. A kan mai cin babban harsashi irin .45-70 azaba ce. Sa roba.

Fitar da siffa

Ka ja layin tsakiya a sama da ƙasa da gindi, kuma duk lokacin da magagari ya cinye shi ka mayar da shi nan take. Da zarto nake yanke siffar gefe, sannan in fitar da kauri, sannan in karya kusurwoyi: huɗu su zama takwas, takwas su zama sha shida, kafin in fara zagayewa. Wanda ya fara zagayewa tun farko zai ƙare da abin da ya yi kama da taɓarya. Magagarin Nicholson mai lamba 49 shi ne na cin aiki, mai lamba 50 na gyarawa. Ka riƙa ɗora rula daga wuya zuwa gindi, layukan nan miƙaƙƙu ne, ba tumbi ba rami. Da dare nakan kashe fitilar sama in kunna ɗaya a gefe, inuwa ta tona duk abin da rana ta rufa wa asiri.

Kusan duk sabon shiga katako yake bari da yawa, tsoro ke sa shi. Kyan wannan bindiga siranta ne, akshan ɗinta gajere ne kuma shafaffe, ƙota mai ƙiba a jikinta kamar babbar riga ce a jikin yaro. Je ka kalli hotunan Farquharson na Gibbs ka ga yadda wuyansu yake. A bakin ƙarfe kuwa ka bar katakon ya ɗara ƙarfen da kamar kaurin farce, saboda katako yana ramewa da shekaru, ƙarfe ba ya yi.

Ka sa takunkumi. Ƙurar walnat tana kama maƙogwaro, wasu har fatarsu take yi wa ƙuraje.

Ƙotar gaba ba ta shan naushi, amma ita ke lalata saiti. A Ruger, wani hannun ƙarfe ne ya miƙo daga akshan a ƙarƙashin bututu, a jikinsa take rataye da noti ɗaya. Da hayaƙi ake zaunar da ita kamar ta baya. Abin lura, kada ta matsu tsakanin hannun nan da fuskar akshan, kada kuma gefe ɗaya na kwarin ya fi ɗaya danna bututu. Idan ta matsu, bututu na yin zafi harsasai za su fara hawa sama ɗaya bayan ɗaya a kan takarda. Guntun ebanin da na ambata, da turaku biyu na katako da gam nake haɗa shi, bayan na goge fuskarsa da asiton don yana da maiƙo.

Mai

Samfefa daga mai lamba 120 zuwa 220 zuwa 320, daga mai kaushi zuwa mai laushi, kullum a naɗe a jikin wani abu mai tauri. Yatsa kaɗai yana cinye kusurwa, kuma kusurwa mai kaifi ita ke nuna aikin hannu. Bayan 320 ka shafa ruwa da tsumma, ka busar, za ka ji gashi ya tashi, ka goge shi. Sau uku ko huɗu, har ya daina tashi.

Shafin farko mai ne da aka tsinka sosai, a ba katakon ya sha har ya ƙi, musamman ciki inda ƙarfe ke zama da ƙarƙashin roba, domin ta kan jijiya ruwa ke shiga. Ga mai son ja irin na tsofaffin bindigogin Landan, ana jiƙa saiwar alkanet a cikin man kafin a shafa. Daga nan sai cike ƙofofin jiki: ka ɗiga mai, ka goga da samfefa 320 a jiƙe har ya yi kunu, ka shafe kunun a gicciye ya shige ƙofofin, ka bar shi kwana biyu. Ka maimaita da 400, sannan 600. Baƙin walnat na Amurka yana iya cin zagaye shida kafin ya cika, na Turkiyya uku sun ishe shi. Shafin ƙarshe ɗigo uku ne ko huɗu a tafin hannu, a murza har katakon ya yi ɗumi, a rataye. Man kanti da ake kira Tru-Oil yana saurin bushewa amma yana ƙyalli kamar alawa, sai an kashe shi da garin dutse mai laushi. Man linsid zalla kuwa ƙamshi gare shi da tarihi, amma ba ya tare ruwa, kuma yana daɗewa bai bushe ba. Ni gaurayen man tung nake bi.

Tsumman da ya sha linsid kada ka dunƙule shi ka jefa a kwandon shara. Da kansa yake yin zafi ya kama wuta. Ka shanya shi a waje ko ka nutsa shi a bokitin ruwa.

Zanen riƙo

Sai man ya yi wata guda yana bushewa nake fara zane, in ba haka ba yana toshe haƙoran kayan aiki. Zanen nan layuka ne da ke gicciye juna su fitar da ƙananan lu'ulu'u a wuya da ƙotar gaba, don kada hannu ya zame. Duk lokacin da na zauna yinsa sai na tuna matan da ke zanen ƙwarya, su ba rula ba fensir. Ni kam sai da rula. Layi 20 a inci ɗaya ya dace da kilaro da baƙin walnat, na Turkiyya mai tauri yana ɗaukar 24 ko fiye. Tsawon kowane lu'ulu'u ya ninka faɗinsa sau uku zuwa uku da rabi.

Komai yana rataye a kan layuka biyu na farko. Su nake ja da gefen roba mai lanƙwasa, in tsaga su a hankali, sannan in ɗauki abin tazara na Dem-Bart, mai haƙori biyu, ɗaya na bin tsohon layi ɗaya na buɗe sabo. Zagayen farko ja ne kawai, ba zurfi. Duk bayan layi biyar ko shida ka ɗora roba ka duba ko sun fara lanƙwasa, domin ƙaramar karkata a layi na uku ta zama baka a layi na talatin. Zurfin a zagaye uku ko huɗu ake kai shi, har kan lu'ulu'un ya yi tsini. Yakan ci mini awa talatin zuwa arba'in, kuma ba na wuce awa ɗaya da rabi a zama guda, don duk tsallaken layin da na taɓa yi a ƙarshen zama na yi shi. Kafin ka taɓa ƙotar gaske, ka lalata ƙotar gatari biyu ko uku. Abu mai zagaye, ba allo ba, shafaffen katako ba ya koya maka komai.

Ƙotar da ta maye gurbin wadda ta tsage, baƙin walnat ce marar ado, jijiyarta miƙe kamar zaren saƙa, a kan Ruger mai cin harsashin 7x57. Na kai ta filin harbi na Whittington da ke Raton, bayan an tsallaka dutse daga Trinidad an shiga Niyu Meziko. Na yi harbi biyar na tsaya, na cire tabarau na duba bayan harshen ƙarfe da gilashin ƙara girma. Na yi ashirin na sake dubawa. Da na dawo gida na cire robar gindi na ɗan ƙara wa dogon notin ɗauri, domin sabon katako yakan kwanta bayan harbin farko, daga nan ban sake taɓa shi ba. Gungumen Turkiyya da nake tarawa kuɗi shekara biyu ya iso a watan jiya, yana saman rufin gareji da nauyinsa rubuce a gefe, kuma awon wannan watan ya nuna ya rage giram goma sha huɗu.